DARASI: TASWIRAR CIKIN WAYA DA MOTAR SHANU

Darasinmu na wannan fitowa shi ne taswirar da ke cikin babbar waya, irin ta shafa, da yadda za mu more ta tsakanin Ƙonni ko Maraɗi da Ikko.

Abu na farko, digon nan shuɗi da ke nuna inda kake, ba rezo ke kawo shi ba, daga tauraron ɗan'adam yake zuwa. Amma hoton hanyoyin sai da intanet. To, mun san da an wuce duwan an shiga Illela ko Jibiya, layinmu na Nijar sai ya fara gardama, kuɗinsa kuma ya ninka. Saboda haka tun kana gida ka sa yaro ya sauke maka yankin da za ka bi cikin Google Maps. Ko babu rezo zai buɗe. Ka kuma tanadi layin Najeriya, da batirin guzuri cike da caji.

Sai dai fa a kula. Taswira ta san hanya, amma ba ta san saniya ba. Lissafinta na ƙaramar mota ne. In ta ga cunkoso sai ta ce ka yanke ta wata 'yar hanya, ba ruwanta da ko tirela za ta iya juyawa, ko gadar za ta ɗauki nauyi. Awa biyar mota na tsaye cikin rana, ka san abin da zai faru: wani sa ya kwanta, sauran su tattake shi, sai wuƙa, a sayar da nama arha. Masu bin Kwantagora, Makwa, Jaba zuwa Ilori ba su manta 2017 ba, da gadar Tatabu ta karye, motoci suka yi jerin gwano. A irin wannan rana, saƙon murya daga direban da ya wuce da asuba ya fi taswira, nesa ba kusa ba.

Inda muka fi jin daɗinta shi ne bin sawun mota. A WhatsApp direba zai iya turo maka inda yake, kana kallon motsinsa daga rumfarka. Shi wannan yana son intanet, kuma iyakarsa awa 8, tafiyar Ikko kuwa ta wuce haka, sai a yi ta sabuntawa. Ka sharɗanta masa tun wurin lodi, yaron da ke bisa shanu shi ma ya turo nasa. Fatomanka na Agege a tura masa, ya tanadi ruwa da masu saukewa.

Batun kuɗi kuwa, tun ƙarancin takardar naira na 2023 ciniki da yawa ya koma taransifa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, Alhaji. Kada igiya ta bar hannun yaronka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, sannan a fitar da la'ada.