Faranti a Kan Allo: Darasin Rigakafin Ciwon Sukari

Ciwon sukari yana samuwa ne idan sinadarin insulin ya yi ƙaranci a jiki, ko kuwa jiki ya daina amsa masa, sai sukari ya taru a jini. Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, yana da alaƙa da ƙiba da rashin motsa jiki. In aka yi sakaci, yakan kai ga makanta ko yanke ƙafa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa rage ƙiba ta hanyar gyara abinci da motsa jiki ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda ke gab da ciwon.

Don isar da wannan ga ɗalibai, wajibi ne malami ya gina kayan koyarwarsa a kan abincin gida. Ya zana faranti a allo, ya raba shi huɗu: kashi biyu ganye, kamar zogale da rama, ɗaya wake ko kifi, ɗaya tuwon dawa ko na gero. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi, domin dusarsa tana jinkirta shigar sukari cikin jini.

Ma'auni ma ya zama na gida. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, kada sukarin da baligi ke sha a rana ya kai kimanin cokalin shayi 12, alhali kwalbar lemo ɗaya takan ƙunshi wajen 9.

Aikin gida: ɗalibai su ƙidaya cokulan sukarin da suke zubawa a koko da shayi na tsawon mako guda.