Bado a Idon Mai Zane: Nazari a kan Claude Monet

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna yadda mai fasaha kan shafe shekaru a kan abu guda ba tare da ya ƙure shi ba. Misalinmu shi ne Claude Monet (1840–1926), mai zanen fenti ɗan ƙasar Faransa.

A 1883 ya tare a ƙauyen Giverny. Bayan shekara goma ya sayi fili, ya janyo ruwa daga rafi, ya haƙa tafki, ya dasa bado. Manoman wurin sun yi ƙorafi, don gudun kada tsirran da ba su sani ba su gurɓata ruwan dabbobinsu. Wannan bado dai, wanda mu nan muka fi sani da abin ci, shi Monet ya zana kusan sau 250.

To, me ya hana shi gajiya? A ganina hasken da ke sauka kan furen yake bi, domin tafkin hantsi dabam, na la'asar dabam. Har ta kai ya daina zana gaɓar tafkin da sararin sama, sai inuwar gajimare da itatuwa a kan ruwa.

A 1912 likita ya tabbatar yana da yanar ido. Sannu a hankali zane-zanensa suka rine zuwa ja da ruwan ƙasa, siffofi suka dushe. A nan manazarta suka rabu: ciwon ne ya jawo haka, ko kuwa salo ne ya zaɓa? Ni na fi karkata ga ciwon, ganin cewa bayan aikin ido a 1923 ya lalata waɗansu zane-zanen, ya gyara waɗansu.