Ɗan tsako mai yawan kuka: me yake nema?

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haka kukan ɗan tsako yake. Cikin ƴan tsakin da ake reno ba tare da uwa ba, akan sami ɗaya wanda bai kai sauran girma ba, yana ta kuka dare da rana. Wanda ya ƙoshi, ya ji ɗumi, kukansa a hankali yake. Mai tsala kuka da ƙarfi yana da damuwa. In aka bar shi, kwana ɗaya ko biyu ya isa ya mutu. Ga abubuwa huɗu da za a duba, bi da bi.

1. Ɗumi

Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa sai gashinsa ya fito sosai, wajen sati 5 zuwa 6. A satin farko yana bukatar zafin digiri 32 zuwa 35. Bayan haka a riƙa rage digiri 3 kowane sati. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya dubi zamansu. In sun cunkushe kusa da fitila suna kuka, sanyi suke ji. In sun guje mata, baki buɗe, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ke shigowa. Lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, a fi lura da su da asuba. A kafa fitila da kyau don gudun gobara. Mai amfani da gawayi ya bar ƙofar iska, don hayaƙinsa na kisa.

2. Ruwa

Ƙarami sau da yawa bai gano wurin ruwa ba. A ɗauke shi, a tsoma ƙarshen bakinsa cikin ruwa mai tsabta, a bar shi ya haɗiye da kansa. Kada a ɗura masa, sai ya shaƙe. In ya galabaita, a sa cokali ɗaya na sukari cikin lita ɗaya ta ruwa, na kwana ɗaya kawai. A zuba ƴan duwatsu cikin mazubin ruwa don kada ya faɗa ciki.

3. Abinci

Ɗan tsako na fitowa da sauran gwaiduwar ƙwai a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana 2 zuwa 3. Shi ya sa wanda bai koyi ci ba yake fara ramewa bayan haka. Da yamma a taɓa gindin wuyansa ta dama. In ya ci, za a ji ɗan kumburi mai taushi. In babu, da yunwa zai kwana. Manya na ture shi, saboda haka a raba kwalin biyu, a sa shi gefe da wani ɗan tsako mai sanyin hali, don shi kaɗai kuka zai ƙara. A ba shi tsakin hatsi mai laushi da dafaffiyar gwaiduwa. Dussa kaɗai ba ta isa.

4. Mafitar kashi

Wani lokaci kashi kan bushe ya toshe mafitar da ke ƙarƙashin wutsiya. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, a goge a hankali. Kada a fizge. A tsane shi, a shafa ɗan mai, a mai da shi wurin ɗumi. Kada a taɓa cibiya, wadda ke ƙasa, wajen ciki.

Yaushe za a nemi taimako?

In an ga jini cikin kashi, ko cibiya ta kumbura tana wari, ko ƴan tsaki da yawa sun saki fikafikai, cuta ce. A ware masu ciwo, a tafi wurin ma'aikacin kiwo. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su, musamman yara. Ɗan tsakon da aka kula da shi yau, shi ne kazar da za a kai kasuwa gobe.