Na'urorin Auna Takun Mai Gudu: Yaya Gaskiyarsu Take?

A shekarar 2006 kamfanonin Nike da Apple suka fito da wata 'yar na'ura da ake sakawa cikin takalmi don ta auna gudun mai shi. A 2013 kuma Garmin ya fito da ɗamarar ƙirji mai ƙirga taku, da auna daɗewar ƙafa a ƙasa, da yawan tsallen jiki. Galibin irin waɗannan na'urori suna ɗauke da ma'aunin da ke jin canjin sauri da girgiza, wasu kuma har da mai jin juyawa.

Kafin a yarda da kowane ma'auni, masana kan yi tambayoyi biyu. Shin yana ba da amsa iri ɗaya in an maimaita awo? Shin amsar daidai ce? Tambayoyin ba ɗaya ba ne. Mudun da gindinsa ya lotsa zai auna gero daidai wa daida yau da gobe, amma kullum da tauye.

Don gano tauyen, akan kai mai gudu ɗakin gwaje-gwaje, ya taka wani faranti da ke auna ƙarfin taku, yawanci sau 1,000 a daƙiƙa, sannan a kwatanta da abin da na'urar jikinsa ta nuna. Wajen ƙirga taku a minti na'urorin sun yi zarra, domin kowane taku yana girgiza jiki a fili. Daɗewar ƙafa a ƙasa ita ce mai wuya. Ƙafar mai sassarfar motsa jiki takan yi kamar rubu'in daƙiƙa a ƙasa. Idan na'ura tana awo sau 100 a daƙiƙa, awo 25 ke nan kacal ta samu. Ta kuskure biyu, ta yi kuren kashi 8 cikin 100. Ga kuma ɗamara mai sako-sako, wadda rawarta kan shiga lissafi tamkar motsin jiki ne. Saboda haka kwatanta alƙaluman na'urori biyu na kamfanoni daban aikin banza ne.

Abin farin ciki, abin da suka fi iya aunawa yana da amfani ga lafiya. Wani bincike da aka buga a 2011 daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka ya nuna cewa ƙara yawan taku da kashi 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da gwiwa ke ɗauka. Amma taku 180 a minti da ake yawan ambata, daga zakarun wasannin Olamfik na 1984 koci Jack Daniels ya lura da shi, ba daga masu gudun safe ba.

Malami zai iya gwada wannan a filin makaranta. Ɗalibi ɗaya ya yi sassarfa ta minti guda, biyu su ƙirga takunsa kowa daban, a maimaita sau uku, sannan a kwatanta da abin da agogo ko waya ta nuna.