Darasi: Yadda Kwamfuta Take Sanin Lokaci

Ka kashe kwamfuta da daddare, ka zare ta daga wuta. Da safe ka kunna, sai ka tarar agogonta daidai yake da na bango. Wa ya riƙe mata lokaci tana kashe?

In mai gyara ya buɗe maka cikinta, za ka ga wani ɗan batir zagayayye, fari, kamar kwabo. An rubuta CR2032 a bayansa. Shi ke ciyar da wani ƙaramin agogo da ba ya barci. A cikin agogon akwai ɗan dutse mai suna kwaz. In wuta ta ratsa shi sai ya kama karkarwa, sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Raba shi biyu, ka sake rabawa, har sau 15, za ka sauka kan ɗaya. Ɗayan nan ita ce daƙiƙa.

Wannan agogo aikinsa gadi ne kawai. Da an kunna kwamfuta, uwar manhaja, wato irin su Windows ko Linux, takan tambaye shi ƙarfe nawa. Daga nan sai ta ci gaba da ƙirga da kanta. Sashen da ke wannan aiki shi ne zuciyar manhajar, wadda masana ke kira kanel.

To, ga inda maganar take. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta ɗaga kai ta dubi agogo. In ta duƙufa kan aiki, ta duƙufa ke nan. Saboda haka aka haɗa ta da wata ƙaramar na'ura mai katse mata hanzari a kai a kai, kamar mai sallama a ƙofar zaure. Da sallamar ta shigo, sai ƙwaƙwalwa ta dakata, ta adana inda ta tsaya, ta miƙa wa kanel ragama. Kanel ya ƙara ɗaya a kan lissafinsa. Ya duba ko akwai alƙawarin da lokacinsa ya yi, misali ƙararrawar da ka saita don sahur. Sannan ya mayar da ƙwaƙwalwa bakin aikinta. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Kwamfutar IBM ta shekarar 1981 ana yi mata wannan sallama kusan sau 18 a daƙiƙa. A Linux kuwa ana iya zaɓar 100, 250, 300 ko 1,000. Lissafin da kanel ɗin Linux yake tarawa sunansa jifis. Gwada da alƙalaminka: in sallama 250 ce daƙiƙa ɗaya, sallama 15,000 ta zama minti guda.

Amma a ganina babban amfanin sallamar nan ba agogo ba ne, rabon aiki ne. Dubi malamin makarantar allo. Shi kaɗai ne, almajirai kuwa birjik. Yakan biya wa wannan, ya juya ga wancan, ba ya barin mutum ɗaya ya cinye masa safiya. Haka kanel yake yi. A kowace sallama yakan tambayi kansa: wannan manhaja ta sha rabonta? In ta sha, sai ya ɗaga ta ya zaunar da wata. Saurin juyawar ne ke sa ka ga kamar karatun da kake saurare da wasiƙar da kake bugawa tare suke tafiya. Ba don haka ba, manhaja ɗaya mai taurin kai sai ta riƙe kwamfutar, kowa ya yi ta jira.

Yawan sallama ma yana da nasa wahalar. Wanda ake tasa daga barci sau ɗari ba ya hutawa, ƙwaƙwalwar da ake tasa ba dalili kuma batir take sha. Shi ya sa a 2007 aka koya wa Linux dabara: in babu aiki, a bar ƙwaƙwalwa ta huta sai lokacin alƙawari na gaba. Wannan ya shafi waya ma, domin wayoyin Android a kan kanel ɗin Linux aka gina su.

Kwanan wata ma ƙirga ce. Linux daƙiƙoƙi yake lissafawa tun daga 1 ga Janairu, 1970. A tsofaffin na'urori ma'ajin wannan lissafi zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, shi ya sa aka faɗaɗa shi a sababbi.

Ɗan batir ɗin nan yakan yi shekaru, amma yana ƙarewa. Alamarsa ita ce duk sanda ka kunna kwamfuta sai ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, wasu shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa. In ka ga haka, kada ka bari a ce maka kwamfutar ta mutu. Kai ta wurin mai gyara, ka ce ya fara canja batirin agogo.