Darasin Kimiyyar Kwamfuta: Soke Aikin da Ya Riga Ya Yi Nisa

Ɗalibai, a buɗe littafi. Darasinmu na yau a kan maɓallin nan ne da kuke latsawa idan fayil ya ƙi saukowa, wato maɓallin sokewa. Latsa shi ba wuya. Wahalar tana wuyan mai rubuta laburaren manhaja, wato tarin umarnin da sauran masu rubuta manhaja ke ara su yi aiki da shi.

Me zai hana a kashe aikin nan take? Ai an gwada. Harshen Java ya zo da umarnin Thread.stop, wanda a da yake tsinke aiki duk inda ya same shi, amma tun 1998, da fitowar Java 1.2, masu harshen da kansu suka ce a daina amfani da shi. Ga dalili. A ce manhaja tana tura kuɗi daga asusu zuwa asusu. Ta cire naira 5,000 daga na farko, ba ta kai ga zubawa a na biyu ba, sai aka tsinke ta. Kuɗi ba su nan, ba su can. Ga shi kuma a lokacin umarnin yana sakin duk makullan da aikin ke riƙe da su don hana wasu ayyuka taɓa asusun, sai wasu ayyukan su shigo su ɗora lissafi a kan ɓarna.

Shi ya sa aka koma ga lallami. Ku dubi mai ƙosai: in an aiko ta taso, ba ta barin ƙosai a cikin mai. Sai ta kwashe na cikin kasko, ta janye itace, sannan ta miƙe. Haka ake so aiki ya tsaya, da kansa, a inda ba za a yi asara ba.

Wanda ya kira aikin yana miƙa masa wata alama, wadda za a ɗaga idan an latsa maɓallin sokewa. A .NET sunanta CancellationToken tun 2010, a harshen Go tana cikin context, wanda ya shiga laburaren harshen a 2016, a burauza kuma AbortController ke ba da ita. Aikin sai ya karanta guntun fayil, ya rubuta, ya waiwayi alama. Ba a ɗaga ba, ya ci gaba. An ɗaga, ya rufe layin sadarwa, ya goge rabin fayil ɗin da ya rubuta, ya shaida wa mai kiransa cewa soke shi aka yi, ba kuskure ya auku ba. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan, don manhajar da ba ta bambanta biyun ba tana iya sake tayar da aikin da aka ce a bari.

Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne wajen jira. Aiki ya nemi bayani daga saba, wato kwamfutar da ke aiko da fayil ɗin, saba ta yi gum, shi kuma ya kafe yana saurare. Wa zai duba alama? Dole jiran ya zama na abu biyu a lokaci guda, amsar saba ko ɗagawar alama, duk wanda ya riga. A ganina, laburaren da bai yi wannan ba, maɓallinsa ado ne kawai.

Aikin gida: alama ta iso bayan kuɗi sun riga sun shiga asusu na biyu. Me laburaren zai gaya wa mai kiransa? A kawo amsa ranar Litinin.