Amsoshin Tambayoyinku: Na Gyara Manhaja, Kwamfuta Ta Ce Ba Abin Da Ya Canza

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar kwamfuta, ina rubuta aikina na kammala karatu da harshen C a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ɗauke da Ubuntu da Windows. Kwana uku ke nan ina fama. In gyara kuskure a fayil, in buga make, ta ce babu abin yi, in kunna manhajar in tarar da kuskuren yana nan daram. Wani lokacin kuma ta fito da gargaɗin "Clock skew detected". Abokina ya ce bairos ne, wai in goge komai in sake sa Ubuntu. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Kada ka goge komai. Kafin ka sake taɓa aikinka, buga date ka ga wace rana kwamfutarka take zaton yau ce. Ina kyautata zaton za ta ba ka wata shekara da ta wuce tuntuni.

Stuart Feldman ne ya rubuta make a Bell Labs da ke Amurka a shekarar 1976, lokacin da harhaɗa babbar manhaja kan cinye lokaci mai tsawo. Dabararsa ita ce kada a sake harhaɗa abin da bai canza ba. To, ta yaya make ke gane abin da ya canza? Ba ta buɗe fayil ta karanta. Kamar magatakardan da ba ya buɗe ambulan take, hatimin kwanan wata kawai take dubawa. Kowane fayil yana ɗauke da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe. Idan lokacin fayil ɗin da ka rubuta, misali main.c, ya fi na wanda aka harhaɗa daga gare shi, wato main.o, sabunta, sai ta sake harhaɗawa. Idan na main.o ne ya fi, sai ta naɗe hannu.

Yanzu ka auna da halin da kake ciki. Jiya agogon kwamfutarka yana daidai, ka harhaɗa, main.o ya samu hatimin jiya. Da dare aka ɗauke wuta, agogon ya koma baya da shekaru. Yau ka yi gyara, main.c ya samu hatimin waccan tsohuwar shekara. A idon make, gyaranka na yau ya girmi aikin jiya, don haka ba ta ga dalilin motsawa ba. Gargaɗin da ka gani kuwa yana fitowa ne idan ta ci karo da fayil mai lokacin da bai zo ba tukuna a lissafin agogonta.

Mai laifin da na fi zargi ɗan batiri ne mai kama da kwabo a jikin babban allon kwamfutar, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta. A ƙasashen da kwamfuta ke kwana a jone, yakan mutu ba a sani ba. Mu nan da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, asirinsa ba ya daɗewa bai tonu ba. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Akwai na biyu, tunda ka ce kana da Windows a kwamfutar. Windows tana ajiye lokacin gari a agogon na'ura, Linux kuma tana ɗaukar abin da ke wurin a matsayin lokacin duniya na UTC. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa 1, saboda haka in ka fito daga Windows ka shiga Ubuntu babu intanet, agogo zai iya yin gaba da awa guda. Duk fayil ɗin da ka adana a wannan tsakanin zai iya zama mai lokacin da bai zo ba tukuna da zarar an daidaita agogon. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Tamale sun huta da wannan, domin Ghana a kan UTC take.

Filash ma yana da nasa laifin. Wanda aka tsara da FAT32 daƙiƙa bibbiyu yake ƙirga lokacin gyara, kuma ba ya rubuta yankin lokaci. In kana yawo da aikinka tsakanin kwamfutarka da ta makaranta, ka koyi amfani da git. Shi ba ya adana lokacin gyaran fayil, lokacin da ka sauko da fayil ɗin shi ne hatiminsa.

Gyaran ba wuya. Ka haɗa intanet, ko da na wayarka ne, ka buga sudo timedatectl set-ntp true, kwamfutar ta karɓi sahihin lokaci. Ka duba hatimin fayilolinka da ls -l --full-time. Wanda ka ga lokacinsa ya wuce yanzu, ka buga touch da sunansa, zai karɓi lokacin da ake ciki. Sannan ka buga make clean, idan Makefile ɗinka yana da shi, in babu ka goge fayilolin .o da hannunka, ka harhaɗa daga tushe. Af, karkataccen agogo ba make kaɗai yake rikitawa ba. Shi ke sa apt ta ƙi sauko da manhaja, burauza kuma ta riƙa ƙin takardun shaidar shafuka, mutum ya yi ta zagin kamfanin layinsa a banza.

Bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba, don ya taɓa cin mini yini guda cur. Idan ka tsayar da make da Ctrl da C, takan goge fayil ɗin da take tsakiyar haɗawa. Idan wuta ce ta ɗauke, ba ta samun wannan damar. Sai a bar maka guntun fayil, wani lokacin ma fanko, amma da sabon hatimi a goshinsa. Wuta ta dawo, make ta gan shi sabo, ta wuce shi, daga baya kurakurai marasa kan gado su yi ta fitowa a wajen haɗa sassan manhajar. Na yi ta bin layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, ashe lafiyarsu ƙalau. Tun ranar, duk harhaɗawar da wuta ta katse, sharewa nake yi in faro daga farko.

Ka riƙa buga df -h ma kafin babban aiki, don faifan da ya cika yakan yanke aiki a tsakiya. Sai kuma wata alama da ya kamata ka riƙe: kuskuren da ke cikin rubutunka a wuri ɗaya yake tsayawa kullum. Idan gcc mai harhaɗawa ta faɗi a wannan fayil yau, ka sake bugawa ta faɗi a wani daban ba tare da ka canza komai ba, to ka zargi na'urar, ko RAM ko zafi. Ka bar Memtest86+ ta kwana tana gwaji, ka buɗe akwatin ka hure ƙurar hunturu daga fanka, musamman kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama.

Game da abokinka, ka gaishe shi. Da ka bi shawararsa, da ka kwana kana sa sabuwar Ubuntu, a ɗauke wuta da asuba, agogon ya sake komawa inda ya saba.